Yadda za ki shafa jan farce mai canza launi ya zauna miki, ko a zafin Gombe

Tun ranar da na ɗora hoton hannun ƙanwata a WhatsApp, gindin farcenta ruwan hoda bakinsa shuɗi, saƙo bai daina shigo mini ba. Wata ta ce kala biyu na haɗa ne? Wata ta ce ta saya amma nata ya kafe a kala ɗaya. Wata baiwar Allah daga Tumfure kuwa tambayarta a kan alwala ce, kuma tata ce ta fi muhimmanci. Ina aikin lalle da gyaran farce a gida a nan Gombe, shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta sau ɗaya, daga saye har cirewa.

1. Ki san wanda kike saya

A nan yawancin asarar kuɗi take faruwa, domin iri uku ne daban ake kiransu da suna ɗaya.

Na farko mai bin zafi da sanyi. A cikinsa akwai wani rini da aka ƙunshe a 'yan ƙwayoyi ƙanana da ido ba ya gani. Idan farce ya yi sanyi rinin ya fito da duhunsa, idan ya ɗumama ya ɓace, kalar da ke ƙarƙashi ta bayyana. Yawancinsu suna juyawa ne a wajen digiri 31. Ki riƙe wannan adadi. A watan Maris da Afrilu zafin Gombe yana haura digiri 38 da rana, wato farcenki zai wuni a kalarsa ta ɗumi, ba za ki ga canji ba sai kin riƙe ƙanƙara ko kin zauna ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki. Na taɓa saya don bikin wata 'yar uwata a tsakiyar bazara, mai sayarwar ba ta gaya mini wannan ba, aka yi kamu aka yi ɗaurin aure aka kai amarya farcena bai motsa daga fari-fari ba. Lokacinsa hunturu ne, Disamba da Janairu, sai kuma damina idan an kwana ana ruwa.

Na biyu mai bin rana. A ɗaki fari ne ko mai haske, kina fita tsakar gida ya rine. Wannan ya dace da garinmu tunda rana ba ta yi mana rowa. Sai dai idan taronki na dare ne ko a cikin zaure za a yi, babu wanda zai ga komai.

Na uku shi nake kira mai hawainiya. Babu ruwansa da zafi ko rana, kwanar da haske ya faɗa masa ce take sauya shi. Ki tuna wuyan tattabara, yadda yake kore ta nan shunayya ta can, ko ɗigon man mota a kan ruwa. Yana zuwa a kwalba, yana kuma zuwa a hoda. Idan wannan ne karonki na farko, shi nake so ki fara da shi, domin shekara gaba ɗaya yana aiki kuma canjinsa ba ya mutuwa a ajiye.

Kafin ki biya kuɗin mai bin zafi, ki riƙe kwalbar a tafin hannu na minti 1 ko 2, sannan ki jingina ta da ledar ruwa mai sanyi. Idan jikin kwalbar bai sauya ba, rinin ya mutu, ki bar musu kayansu. Mai bin rana kuma ki ɗiga kaɗan a takarda ki fita da ita waje. Ki duba rubutun jikin kwalbar ki tabbatar ko jel ne ko na gargajiya mai bushewa da iska. Jel ba ya bushewa sai da fitilarsa ta musamman da ake saka hannu a ciki, ko kwana za ki yi kina hura masa baki.

2. Ki tsayar da ranar cirewa kafin ranar shafawa

Jan farce ba lalle ba ne. Lalle rina farce yake yi ya tafi, ruwa yana taɓa farcen. Jan farce kuwa rufi ne da yake zaunawa a sama ya tare ruwa, shi ya sa malamanmu suke cewa alwala da wankan tsarki ba su inganta da shi. Don haka mafi yawanmu lokacin fashin sallah muke sawa, ko lokacin jego kafin jini ya ɗauke. Akwai wanda ake tallarsa da cewa wai ruwa yana ratsa shi. Ni dai ba na ɗora sallata a kan maganar mai talla, ki tambayi malamin da kika yarda da shi.

Wannan shi zai zaɓa miki hanya. Jel yana kai mako 2 zuwa 3 a farce, kuma cire shi aiki ne na kusan rabin awa. Idan kwana 5 ko 6 gare ki, me zai kai ki? Ki yi na gargajiya, wanda auduga ɗaya take sharewa. Kada kuma ki fara shafawa sai ruwan goge jan farce yana ɗakinki. Na sha samun kira bayan isha'i, mace ta ga tsarki, shaguna sun rufe, tana kankare farce da reza. Wannan ɓarna ce da za a iya kauce mata da kwalba ɗaya.

Mai ciki da ta kusa haihuwa, da wadda aka sa wa ranar tiyata, su haƙura tukuna. Ɗan abin da ake maƙala wa a yatsa a asibiti don auna iskar jini haske yake harbawa ta cikin farce, kala mai duhu tana iya rikita shi.

3. Kaya da lissafin kuɗi

Hanyar gargajiya kwalba huɗu take so: bes kot na shimfiɗa, baƙi ko fari na ƙarƙashi, mai canza launin kansa, sai top kot na rufewa. Ki ƙara da abin goge bakin farce, ɗan sandan tura fata, auduga, rimuba ko asiton, wato ruwan goge jan farce, da man kaɗanya ko man zaitun. Duk waɗannan, ban da mai canza launin, za ki same su a layin 'yan kayan kwalliya a Babbar Kasuwa ko Tsohuwar Kasuwa. Shi mai canza launin yawanci sai an yi odarsa daga Kano ko Legas wajen masu sayarwa ta intanet, kuma ya fi jan farcen da kika saba tsada, farashinsa yana bin dala. Ki saka kuɗin aike a lissafinki tun farko, wani lokacin yana kusan kamo kuɗin kwalbar. Gara ku haɗu ku uku ko huɗu ku yi oda ɗaya.

Hanyar jel kuɗinta a fitila yake. Ki nemi mai wat 36 ko 48. 'Yan ƙananan nan masu kama da linzamin kwamfuta suna da arha, suna kuma aiki da fawa bank, amma ba su da ƙarfin dafa baƙin jel, wato busar da shi, har ciki. Bayan fitila sai bes na jel, baƙin jel, top kot wanda ba ya barin danƙo bayan ya dahu, da hodar hawainiya. Hodar ƙaramin gwangwani ne na giram 1, kada ƙanƙantarsa ta ɓata miki rai, zai yi miki hannaye da yawa.

Inda ba na so ki yi tsimi shi ne top kot. Mai arha yana dusashe ƙyalli, yana kuma ɓarewa a kwana 2. Fitila da kwalabe za ku iya yin karo-karo da 'yan uwa, amma abin goge farce da sandan tura fata kowa ta riƙe nata.

4. Gyaran farce

Ki gama wanke-wanke da wanka da girki tukuna, ki bar hannu ya bushe kamar awa ɗaya. Farce yana shan ruwa ya kumbura, idan kika shafa a haka, yana komawa daidai fentin zai tsage.

Ki goge bakin farce ta gefe ɗaya, kada ki yi ta kai da komo kamar mai zarto. Idan mai bin zafi za ki sa, ki bar ɗan tsawo ko da milimita 2 ko 3 ne. Dalili kuwa, ɓangaren da ke kan nama yana ɗaukar ɗumin jiki, bakin da ya wuce yatsa yana sanyi, a nan kala biyun nan da kuka gani a hannun ƙanwata take fitowa. Gajeren farce kala ɗaya zai riƙa nunawa a lokaci guda.

Ki tura fatar gindin farce baya a hankali. Kada ki yanke ta, ita ce take tare datti da ƙwayoyin cuta, mai ciwon suga kuma ta fi kowa kiyaye wannan. Daga nan ki share kowane farce da auduga mai asiton don cire maiƙo. Bayan wannan sharewar kada ki taɓa fuska ko gashi.

Idan farcenki yana da jan lalle, ki sani zai leƙo ta ƙarƙashin mai bin zafi idan ya yi haske, kalar ta koma wani iri. Farce yana tsiro kamar milimita 3 ne a wata, jiran lallen ya fita zai ɗauke ki watanni. Maganinsa yana mataki na gaba.

5. Shimfiɗa da kalar ƙarƙashi

Bes kot shafa ɗaya siriri, ki jira minti 2. Idan kin san kwana 2 ko 3 kawai za ki yi da shi, akwai bes mai ɓarewa, wanda kike ɗaga gefensa ya fita gaba ɗaya kamar ɓawon albasa. Ba ya jure wanki, amma ga mai jiran tsarki yana da sauƙi ƙwarai.

Kalar ƙarƙashi ita ce sirrin da masu talla ba sa faɗa. Mai hawainiya a kan farce tsirara ba ya nuna komai sai ɗan walƙiya. A kan baƙi yake buɗewa, domin baƙi yana shanye sauran haske ya bar kalolin da suke juyawa kaɗai. Don haka baƙi shafa ɗaya ko biyu, ya rufe ko'ina, ya bushe sosai. Mai bin zafi da mai bin rana akasin haka suke, baƙi yana kashe su. Su fari suke so, ko kalar fata mai rufewa. Farin nan shi ne kuma zai ɓoye miki jan lalle.

6. Shafa launin

Ki zaɓi wuri tukuna. Kada ki zauna ƙarƙashin fanka, iska tana busar da sama ta bar ciki ɗanye, sai 'yan kumfa su fito a fentin. A hunturu ki rufe taga, ƙurar da ba kya gani sai ta zauna a ɗanyen fenti. Ki nisanci kaskon turaren wuta, risho da gas, domin jan farce da asiton duka suna kama wuta. Amma kada ki toshe ɗakin gaba ɗaya, ki bar ƙofa a buɗe saboda wari.

Rinin waɗannan kwalaben yana kwanciya a ƙasa. Ki juya kwalbar kai ƙasa, ki murza ta tsakanin tafukanki na minti ɗaya. Girgizawa tana cusa iska a ciki.

Ki tsoma burushi, ki share gefe ɗaya a bakin kwalba. Ki ajiye ɗigon kusa da gindin farce, ki bar ɗan fili kamar kaurin zare tsakaninsa da fata, ki ja sau ɗaya ta tsakiya, sau ɗaya dama, sau ɗaya hagu. Shi ke nan, ki wuce yatsa na gaba. Shafar farko za ta yi zane-zane, za ki ji kamar ki koma ki gyara. Kada ki koma. Ki jira minti 2 zuwa 3, shafa ta biyu ita za ta daidaita. Mai bin zafi sau da yawa sai da ta uku, kuma gara siriri sau uku da mai kauri sau ɗaya. Mai kauri sama yake bushewa ciki na nan da ruwa, ki kwanta ki tashi da zanen zanin gado a farce.

Ga mai hawainiya ki riƙa jan burushi ta hanya ɗaya, daga gindi zuwa baki, a miƙe. 'Yan ɓarɓashin cikinsa kwanciya suke yi ta inda burushi ya bi, idan kika karkata sawun zai fito fili.

A kowace shafa ki bi bakin farcen da ɗan abin da ya rage a burushi, wato kaifin da kike kankare abu da shi. Daga nan ɓarewa take farawa, kuma wannan 'yar dabarar kaɗai tana ƙara miki kwanaki.

Hannun da ba ki saba aiki da shi ba, ki kafa gwiwar hannu a tebur, ki riƙe burushin wuri ɗaya, ki riƙa juya yatsan da ake shafawa. Abin da ya taɓa fata ki goge da tsinken sakace da kika naɗe wa 'yar auduga mai asiton.

7. Idan jel da hoda za ki yi

Wannan ita ce mai ƙyalli kamar madubi da kuke gani a hannun amare. Ki tabbatar akwai wuta ko caji da zai kai ki ƙarshe, domin jel da aka bari rabin dahuwa matsala ne.

Bayan gyaran farce, ki ɗan dusashe samansa da soso mai laushi, shafa biyu ko uku kawai, ba kankara ba. Bes na jel siriri, fitila daƙiƙa 60. Baƙin jel siriri sosai, daƙiƙa 60, ki maimaita. Tsohuwar fitila mai dogayen ƙwai tana buƙatar minti 2. Babban yatsa ki dafa shi daban, domin idan an haɗa shi da sauran a karkace yake kwanciya, haske ba ya samunsa.

Sai top kot marar danƙo. A nan lokaci yake da muhimmanci: kamar daƙiƙa 30. Idan ya dahu da yawa hodar za ta zame ta ƙi kamawa, idan bai kai ba za ta yi gari-gari babu ƙyalli. Fitilu sun bambanta, don haka ki gwada a farce ɗaya kafin sauran. Yana fitowa da ɗuminsa, ki ɗangwali hoda kaɗan da ɗan soson shafa kwalliyar ido, ki murza da ɗan ƙarfi har ki ga fuskarki. Ki kakkaɓe ragowar da burushi mai laushi, ki ɗan goge bakin farcen don rufin ya sami wurin kamawa, sannan top kot har bakin farce, daƙiƙa 60. Idan kina yawan aikin ruwa ki yi rufi biyu.

Gargaɗi biyu a nan, kuma da gaske nake. Ɗanyen jel kada ya zauna a fata. Akwai sinadarin da ake kira HEMA a yawancinsu, yawan taɓa fata da shi yana jawo borin jini, kuma idan jiki ya kamu ba ya mantawa. Saboda haka ne Tarayyar Turai ta taƙaita kayan farce masu shi ga ƙwararru kaɗai tun 2021. Ki goge duk abin da ya zubo kafin hannu ya shiga fitila. Idan kika ga ƙaiƙayi, ja, ko ƙananan ƙuraje a gefen yatsu, ko ma a fatar ido, ki cire ki je asibiti. Na biyu, idan kika ji zafi kamar ƙuna a cikin fitila ki zare hannu ki jira ya lafa. Alamar jel ya yi kauri ne, ko farcen ya sha kankara ya yi siriri.

8. Rufewa da bushewa

A hanyar gargajiya, top kot shafa ɗaya, da ɗan yalwa a burushi don kada ya ja kalar ƙasa. Ga mai bin rana ki duba kada top kot ɗinki ya zama mai tare hasken rana, domin zai rage masa juyawa.

Minti 15 ya isa sama ya daina kama yatsa, amma ciki sai ya yi awanni. Mafi kyawun lokaci bayan kin gama aikin safe, ko da yamma da wuri, ba dab da barci ba. Kada ki yi gaggawar tsoma hannu a ruwan zafi don ki ga canji. Ki bari sai gobe, sannan ki jera kofi biyu, na ruwan randa da na ruwan ɗumi, ki sha kallo.

9. Kwanakin da yake hannu

Wanki da omo, wanke-wanke, gyaran kayan miya da ɓare gyaɗa, duk suna cin bakin farce. Safar hannu ta roba tana taimakawa. Kowane kwana 2 ki ƙara top kot siriri idan na gargajiya ne. Da dare ki shafa man kaɗanya a gindin farce, musamman a hunturu da fata take tsagewa. Kurkur da manja suna rina kalar ɗumi ta mai bin zafi tunda haske gare ta, ki wanke da wuri.

Idan jel ya ɗaga ta gefe kada ki liƙe shi ko ki shafa wani a kai. Ruwa yana maƙalewa a ƙarƙashi, daga nan koren tabo yake fitowa a farce. Ki cire na yatsan gaba ɗaya, idan akwai tabon ki bar farcen a buɗe har ya fita, idan da ciwo ko kumburi ki nuna wa likita.

10. Cirewa

Na gargajiya: ki jiƙa auduga, ki danna a farce ki ƙirga 20, ki ja zuwa baki. Kada ki murza gefe da gefe, baƙin ƙarƙashi zai ɓata miki fata. Mai hawainiya yana barin 'yan ƙyalli, ki bi da sabuwar auduga.

Jel: ki goge ƙyallin sama da abin goge farce har ya dusashe, ki shafa bazilin a fatar gefe, ki ɗora auduga mai asiton tsantsa, ki naɗe da takardar foyil, minti 10 zuwa 15. Zai tattare da kansa, ki ture da sanda. Wanda ya ƙi, ki sake naɗewa minti 5. Ɓare jel da haƙori ko farce yana tafiya da saman farcenki ne, sai ki yi watanni da farce mai lanƙwashewa.

Idan don wankan tsarki kike cirewa, ki fita haske ki duba lungunan gefe da gindin farce da ƙarƙashin baki. Bes kot ba shi da kala, yana iya saura ba ki gani ba. Inda kika ga sheƙi ki sake sharewa. Man shafawa sai bayan wanka.

11. Ajiye kwalba

Ki goge bakin kwalba da asiton kafin ki rufe, ki ɗaure murfin sosai, ki tsayar da ita. Mai bin zafi da mai bin rana rininsu yana gajiya, zafi da haske suna gaggauta mutuwarsa, wani ma ba ya cika shekara yana juyawa. Kada ki bar su a taga, a mota, ko a kan madubi inda rana take faɗawa. Ki sa su a kwali cikin durowa ta ƙasa, a ɗakin da ya fi sanyi a gidan, kuma ki sayi ƙaramar kwalba ki yi amfani da ita a hunturun da kika saye ta. Jel ko a ɗaki kada ki bar shi a buɗe kusa da taga ko fitilarsa, zai daskare a jikin burushi. Idan na gargajiya ya yi kauri, kada ki zuba masa asiton, yana lalata shi ne. Akwai ruwan tsinka jan farce da ake sayarwa daban, ɗigo 2 ko 3, ki murza kwalbar a tafi, ki gwada a takarda kafin ki ƙara.